Sawun Tarulata Mai Yatsu Tara

Shekara ashirin da uku bayan Likita Anselm ya bar unguwarmu, 'yan fim suka iso da manyan motoci shida domin su nuna wa duniya yadda ya cece mu. Da suka zagaya layinmu sai suka ce ya cika tsabta. Kwana biyu ana kwaso shara daga wata unguwa ana zubawa a bakin kwata, har sai da talaucinmu ya kai yadda ake so.

Ba ni da ƙorafi a kan likitan. Dogon Bature ne mai sunkuyar da kai, ya yi shekara huɗu a cikinmu yana wanke gyambo a wani ɗaki mai rufin kwano, cikinsa bai taɓa sabawa da ruwanmu ba. Ya koma ƙasarsu, ya tsufa, ya mutu. 'Yarsa ta ba 'yan fim akwatin kayansa ta ce su yi yadda suka ga dama da shi. Wanda aka ɗauko ya fito a matsayinsa ya fi shi kyau nesa ba kusa ba, kuma yana da mutum guda wanda aikinsa kawai riƙe masa lema.

Ni sunana Bibhuti Pakrashi. Shekara talatin da ɗaya na yi a wata maɗaba'a ina farautar kurakuran marubuta, abin da ya koya mini raina mutane ba tare da na ɗaga murya ba. A unguwa Malam ake ce mini, ba don ana ƙaunata ba, sai don ni ke cika wa mutane takardun hukuma.

Mai kula da kayan fim ɗin, wani kakkauran mutum mai suna Gobardhan, shi ya fara zuwa wurina. Ya ce yana neman aron tsofaffin littattafai da za a jera a ɗakin likita.

"Waɗanne iri?" na tambaye shi.

"Masu kauri, Malam. Masu ruwan ƙasa."

Na ba shi goma sha biyu, har da wani a kan kiwon agwagi. Ya ji daɗi sosai. Ya ce in biyo shi in ga inda za a ajiye su, kada in ce an wulaƙanta mini kaya.

A tsohon ɗakin shan maganin suka ajiye akwatin likitan. Gobardhan ya buɗe yana nuna mini, kamar mai tallan gwanjo: abin sauraron ƙirji, tabarau mai karyayyen hannu, wasu wasiƙu. A can ƙasa, tsakanin kwali biyu, ya zaro wata takarda mai faɗi.

Sawun ƙafa biyu ne ja, na alta, jan rinin da matanmu ke shafawa a ƙafa, irin wanda ake ɗauka idan mace ta riga mijinta mutuwa. Na ƙirga yatsun tun kafin in san ina ƙirgawa. Biyar a dama. Huɗu a hagu.

Ƙaramin yatsan ƙafar hagun matata Tarulata ba ya taɓa ƙasa. Haka aka haife ta, yana ɗage kamar yana jin ƙyamar turɓaya. Shekara goma sha tara ina tsokanarta da shi, ina ce mata a duk gidanmu shi kaɗai ne ɗan sarauta.

"Malam, lafiya?"

"Ƙura ce," na ce.

Dole in faɗi yadda takardar ta shiga akwatin Bature, tunda babu wanda zai faɗa a madadina. Tarulata ta mutu a wannan ɗakin shan maganin da hantsi, wata uku kafin likitan ya tafi. Zazzaɓi ne, kwana tara. Mata suka yi mata wanka, suka naɗa mata sari mai jan baki, suka cika tsagar gashinta da jar hoda, suka shafa mata alta a ƙafa. Sai maƙwabciyarmu Mokshada, wadda suke ɗiban ruwa tare kullum, ta zo ƙofar ɗakina ta ce, "Malam, ba mu takarda ɗaya mu ɗauki sawunta."

Ɗakina cike yake da takarda. Har ƙarƙashin gado akwai. Amma a lokacin na karanta littattafai masu yawa a kan camfi da jahilcin talakawa, kuma zuciyata tana neman wanda za ta ciza. Na ce mata matata ba ɓarauniya ba ce da za a ɗauki tambarin ƙafarta. Na ce takarda ta rubutu ce, ba ta wasan tsofaffin mata ba. Na faɗa da ƙarfi, duk layi ya ji.

Likitan ne ya yago shafi daga babban littafin asibitinsa. Shi ya riƙe diddigenta, Mokshada ta danna takardar. Da muka dawo daga bakin kogi bayan an ƙona gawarta bisa al'adarmu, ya miƙo mini da hannu biyu. Na ce ya riƙe abinsa, ya kai ƙasarsu ya nuna musu yadda muke. Ya sa a cikin kwali.

Hotonta ɗaya ne tak, na ranar aurenmu, kuma ambaliyar da aka yi shekara biyu bayan mutuwarta ta cinye shi. Daga nan fuskarta ta fara tafiya a hankali. Yanzu idan na rufe ido ina jin tarinta, ina jin ƙarar awarwaronta a jikin tulu, amma fuskar ba ta zuwa. A duk duniya babu wani abu da ya rage wanda ya taɓa jikinta sai wannan takarda. Ina son ta. Ban taɓa son wani abu haka ba, har da ita Tarulatar lokacin tana raye, kuma wannan ma abin kunya ne.

"Me za ku yi da wannan?" na tambayi Gobardhan, ina duban rufin ɗaki.

"A ƙarshen fim ne. Likita zai tafi, ana ruwa, sai wani tsoho ya ba shi ita kyauta. Wai matarsa ce likitan ya yi jinya. Na yi kwafi goma sha biyu da ƙafar matar ƙanena, su za a jiƙa. Ta asalin a bushe za a nuna ta, kusa da kyamara."

"In an gama fa?"

"Sai ta koma akwati. Ko kwandon shara, ya danganta da wanda ya kwashe kayan."

"Ina tara irin waɗannan abubuwan," na ce. "Don nazari."

Ya dube ni, ya dubi takardar. "To, Malam. Ranar Alhamis in an tashi ka zo ka karɓa. Wa zai tambaya?"

Da haka na so abin ya ƙare, shiru, ba wanda ya sani. Amma a unguwarmu ko atishawa ka yi a cikin bargo sai an yi maka sannu daga layi na uku. Washegari da safe ina bin layin famfo sai ga Mokshada, ta tsufa ta lanƙwashe, haƙori biyu suka rage mata, dukansu masu kaifi.

"Malam mai nazari," ta ce. "An ce ka ga baƙuwa a akwati."

"Na ga tabarau da wasiƙu."

"Yatsu nawa ne da tabarau ɗin?"

Matan da ke layin suka zuba mana ido irin na masu jiran kallo.

"Yaya Mokshada, bokitinki ya cika."

"Bar shi ya zube, ruwan hukuma ne. Ka je ka ce musu matarka ce. Kalma biyu. Kai da ka haɗiye ƙamus, kalma biyu za su shaƙe ka?"

"Na riga na shirya yadda za a yi."

"Ka shirya! Wancan karon ma ai shiryawa ka yi." Ta ɗauki bokitinta. "Ta yi shekara goma sha tara tana jiran ka faɗi abu a gaban mutane. Ta mutu ma sai ta ci gaba da jira?"

Ina da amsoshi uku, duk masu kyau, amma ta riga ta juya.

Ranar Laraba abin ya ƙara rikicewa. Tsohon da suka ɗauko daga gari don ya miƙa takardar ya ci wani abu a bakin hanya, cikinsa ya ɓaci. Darakta, wani siririn mutum mai suna Devdan wanda ke sa baƙin tabarau ko a inuwa, ya hango ni a ƙofar ɗakina ina shan shayi. Ya tsaya cak.

"Wannan fuskar!" ya ce. "Ku dubi fuskar nan. Baba, wahala ce zalla a rubuce a goshinka."

"Maƙwabta ne," na ce.

Bai ji ba. Ya ce babu magana a wurin, miƙawa kawai zan yi. Na yarda nan take, domin na lissafa cewa takardar za ta kasance a hannuna, kuma daga hannuna zuwa ɗakina taku arba'in ne.

Ranar Alhamis da azahar suka tara mutanen unguwa a bakin layi, kusan mu ɗari biyu. An cire mini rigata mai tsabta an ba ni wata da aka yayyaga da almakashi. Motar ruwa tana gefe, mutum biyu a kan rufi riƙe da tiyo. Gobardhan ya zo ya sa mini takardar a hannu, ya raɗa mini cewa ta asalin ce, busasshen ɗauka za a fara.

Karo na farko ke nan da na riƙe ta. Ba ta da nauyi ko kaɗan. A bayanta akwai layukan littafin asibiti. Inda diddigen dama yake jan ya fi kauri, kuma a gefensa akwai wani ɗan zagaye, tambarin babban yatsan likitan. A tafin akwai wani siririn farin layi, tabon da kwalba ta yi mata shekarar da muka tare. Na manta da tabon nan sarai. Ni na ɗaure mata shi da tsumma, ina yi mata faɗa a kan tafiya ba takalmi.

Darakta ya zo yana gyara mini tsayuwa. Sai ya dubi takardar, ya ɗaga kai, ya yi magana da ƙarfi yadda kowa zai ji.

"An ce kai ka fi kowa daɗewa a layin nan, Baba. Ka san ko ƙafar wace ce? In danginta suna raye ina son su. Za mu zaunar da su gaban kyamara su ba da labarin da bakinsu, mu sa a ƙarshen fim. Yadda ta mutu, yadda aka ba likita wannan. Mutane za su yi kuka har a ƙasashen waje."

Yadda aka ba likita. Na hango kaina a zaune gaban fitilunsu ina bayanin takarda ɗaya da na hana, ana fassarawa a ƙasan allo cikin harsuna goma. Na hango Mokshada a sahun gaba, ta kafe ni da ido. Duk matan da suka haura hamsin a wurin sun san amsar. Sun bar mini, domin tawa ce.

"Ban sani ba," na ce. "Mata da yawa sun mutu a lokacin."

Wata ta ja tsaki a bayana.

Darakta ya ɗaga kafaɗa. "Kaico. To shi ke nan, ba ta da mai ita." Ya juya wajen Gobardhan. "Kwafin nan naka ba su yi mini ba, jan ya yi sabo, kamar na talla. Tunda babu mai nema, da ta asalin za mu yi cikin ruwa. Ɗauka ɗaya. Ina son in ga tsohon jan nan yana narkewa."

"Ranka ya daɗe, ai na yi wa..." Gobardhan ya fara, ya dube ni.

Ya ba ni dama. Ina so a rubuta wannan, domin mutumin kirki ne. Ya tsaya da bakinsa a buɗe yana jira in ƙarasa masa. Ni kuwa ina neman jimlar da za ta ceci takardar ba tare da ta tona ni ba. Na yi tunanin in ce kayan tarihi ne. Na yi tunanin in ce 'yar likitan za ta ji haushi. Ina cikin zaɓen kalma, kamar yadda na yi duk rayuwata, wani ya daka tsawa, aka buga katakon fara ɗauka, mutanen kan rufi suka buɗe tiyo.

Ruwan fim ba irin na Allah ba ne. Ba ya farawa da yayyafi. Gaba ɗaya ya sauko.

Jarumin da ya fito a matsayin likita ya taho ta cikin mutane da jakarsa, ya tsaya a gabana, ya miƙo hannu biyu. Na tura takardar cikin rigata, amma rigar duk huda ce, da almakashi aka yi su da kyau. Na fito da ita na rufe da tafin hannuna. Ya kama gefe ɗaya yana murmushin baƙin ciki. Ban saki ba. Ya ja a hankali. Ban saki ba.

"Saki mana, tsoho," ya ce ta gefen baki, da ɗan abin da ya koya na harshenmu.

Jan ya fara gudu. Yatsun suka fara tafiya, na dama tukuna, sannan huɗun nan. Jan ya bi tsakanin yatsuna ya gangara har gwiwar hannu.

"Matata ce," na ce.

Ƙarar injin ruwa ta danne.

"Matata ce! Tarulata ce! Ku kashe ruwan nan!"

"Kada ku tsaya!" darakta yake ihu daga bayan kyamara. "Ku ci gaba! Ku matso kan fuskarsa!"

Takardar ta rabu biyu, rabi a hannun jarumin, rabi a nawa, daga nan ta zama ɓawon da ba ya riƙuwa. Aka kashe ruwan. 'Yan fim suka fara tafi. Mutanen unguwa ba su yi ba. Darakta ya rungume ni, rigarsa ta ɓaci da ja, yana cewa shekara ashirin yana aiki bai taɓa ganin wanda ya ƙirƙiro magana a take haka ba, har da suna. Gobardhan ya raɗa masa wani abu a kunne. Ya cire baƙin tabarau ɗin, karo na farko da na ga idonsa. Yaro ne ashe, bai wuce arba'in ba.

"Baba, ai na tambaye ka," ya ce.

Gaskiya ya faɗa. Da ya yi ƙarya da na ji sauƙi.

Na taka taku arba'in ɗin nan zuwa ɗakina, hannuwana a ɗage a gabana kamar mai ɗauke da tire. Na zauna a bakin gado. Ban san abin da zan yi da su ba. In na wanke, shi ke nan. In na bari, gumi zai wanke.

Mokshada ta shigo ba sallama, jiƙe sharkaf, sarinta yana ɗiga a kan littattafaina. Na jira ta fara. Na ma shirya in ji, ina ganin hakkina ne. Ta daɗe tana kallon hannuwana.

"Malam," ta ce, "ba ni takarda ɗaya."

Na nuna mata da haɓa. Ta jawo ta ƙarƙashin gado, cikin masu kyaun da nake ɓoyewa tun zamanin maɗaba'a, waɗanda ban taɓa samun abin da ya isa a rubuta a kansu ba. Ta shimfiɗa a ƙasa. Ta kama wuyan hannuna na dama ta danna, ta hau kai da duk ɗan nauyinta. Sannan na hagu.

"Kada ka motsa. Kullum sai ka motsa."

Da ta ɗaga, abin da ya fito bai kai ja ba. Wani launi ne fari-fari kamar ruwan da aka wanke nama. Tafin hannu biyu na tsoho, da zanensu.

"Ba ita ba ce," na ce.

"Na sani. Amma jan nata ne. Ni na shafa mata." Ta miƙe da ƙyar tana dafa gadon. "Ka bar shi ya bushe. Kuma ka cire tsumman nan, ka yi kama da mahaukaci."

Fim ɗin ya fito bayan shekara guda. Ban je ba. Waɗanda suka je sun ce wurin nan yana ciki, ba a yanke ba, sai dai an ɗora kiɗa a kan muryata, bakina ne kawai ke motsi. An ce a wasu ƙasashe mutane sun yi kuka. Gobardhan ya dawo mini da littattafaina goma sha ɗaya, na agwagin ya ɓata, ya kuma kawo firam mai gilashi wanda ya ƙi karɓar ko sisi a kansa.

Takardar tana rataye a saman gadona, kullum tana ƙara dushewa. Masu zuwa cika takardun hukuma sukan ɗaga kai su tambaya, don su sami abin faɗa.

"Malam, wannan fa?"

"Sawun matata ne," nake cewa, da ƙarfi, yadda na layi za su ji.

Sai su dubi yatsun hannu goman nan, su dube ni, su miƙo takardarsu.